Goron Jajen Sanda

Duk manomin da ya taɓa kawo famfon feshi gyara a layinmu na kasuwar Funtuwa ya san Malam Maiwada. Shekara da shekaru yana zaune a bakin shagona, inda nake sayar da iri da maganin ciyawa, a kan wani guntun benci da ya lotsa a tsakiya. Ni in sayar wa mutum magani, shi ya gyara masa famfon da zai fesa, da haka muke cin abinci. Dogo ne siriri, ba ya son magana da safe, da rana ma sai ta kama. In ka kawo masa famfo ba ya tambayar abin da ya same shi. Ruwa zai zuba, ya buga hannun famfon, ya harare ka ya ce ba ka wankewa bayan feshi. Ko ka rantse ba zai yarda ba.

Matarsa Mero ta daɗe da rasuwa, kuma ya ƙi ƙara aure duk da surutun mutane, ciki har da nawa. 'Yarsa guda, Amatullahi, tana aure a Zariya. Gidansa ɗaki biyu ne a bayan kasuwa, ɗaya yana kwana, ɗaya ya cika da matattun famfuna da ya ce wata rana za su yi amfani. In ka cire salla da aikinsa, abu biyu suka rage wa Malam Maiwada a duniya: Manchester United da Sanda.

Sanda mutumin Ƙarfi ne ta ƙasar Malumfashi, gajere mai ƙaton murya. Da damina yana gida yana noma, in an yi girbi ya dawo Funtuwa ya kama awon masara a kasuwar hatsi har bazara, iyalinsa suna can Ƙarfi. Tun suna samari suka haɗu a filin makarantar firamare, Maiwada yana tsaron baya ba takalmi, Sanda yana gaba yana ihu a ba shi ƙwallo. Shi Sanda ɗan Liverpool ne tun zamanin da ake jin wasa a rediyo, kuma na tabbata da ya zaɓi United, da Maiwada Liverpool zai bi. Ni Zubairu ɗan Arsenal ne, don haka babu wanda ke neman ra'ayina a cikinsu, sai in ana buƙatar wanda za a yi wa dariya tare.

Abin da ya sa duk layinmu ya san su shi ne jaje. Duk ranar da aka ci ƙungiyar ɗayansu, washegari da safe ɗayan zai saka riga mai kyau, ya sayi goro ƙwaya biyu, ya tafi ƙofar abokinsa. Dole wanda aka ci ya shimfiɗa tabarma ya zauna ya jira. Mai zuwa ya cire takalmi, ya zauna, ya ɓata fuska kamar wanda ya zo gidan da aka yi gobara, ya ajiye goron a hankali.

"Ashe abin da ya faru ke nan. Ya muka ji da haƙuri?"

Shi kuma mai karɓa ba shi da damar yin zagi, ba shi da damar kawo uzuri, ba shi da damar yin dariya. Abu ɗaya zai ce: "Na gode da zumunci." Sannan ya ɓara goron ya ci a gaban mai kawowa. Wani liman ya taɓa yi musu magana cewa ba a wasa da ta'aziyya, suka ce ai ba ta'aziyya ba ce, jaje ne, irin wanda ake yi wa wanda akuyarsa ta ɓata. Na sha ganin Maiwada yana tauna goron nan jijiyar wuyansa a tashe, Sanda kuwa yana share hawayen ƙarya da bakin hula.

Sai dai Sanda yana da wata muguwar ɗabi'a. In an yi wa Liverpool cin da ya yi masa zafi, ciwo ke kama shi. Yau haƙori, gobe ciwon baya, wata rana ma cewa ya yi kunama ta harbe shi. Zai kulle ɗaki ya aiko a ce yana kwance, ba ya iya ganin baƙi. Maiwada ya sa wa abin suna zazzaɓin Litinin, tunda yawanci ƙarshen mako ake wasa, kuma bai taɓa yafe jaje ko ɗaya ba. Yakan riƙe goronsa har ranar da mara lafiya ya gaji da ɓuya ya fito neman abinci.

A gidan kallon Awaisu benci ɗaya suke zama, na biyu daga gaba, kusa da ƙofa saboda iska. Komai suna musu a kai, ban da abu ɗaya: dukansu sun yarda ƙwallon yanzu ta lalace. Sanda ya tsani na'urar nan ta VAR. Cewa yake, yaro ya ci ƙwallo mai kyau, maimakon ya ruga murna sai ya tsaya yana kallon alƙalin wasa, alƙali yana kallon talabijin, talabijin tana auna yatsan ƙafa. Maiwada kuwa abin da ke ƙona masa rai shi ne mayar da ƙwallo baya. A ganinsa mai tsaron baya aikinsa ya dake ta ta yi nisa, ba ya tsaya yana musayarta da gola kamar masu raba fura ba. Samarin wurin ma ba su tsira ba, wai ba ƙungiya suke bi ba, ɗan wasa suke bi, in ya tashi su bi shi da rigarsa. Wasu kuma idonsu na kan waya suna duba caca, ko wa ya ci ba ruwansu. Samarin sukan ce, "Baba, zamani ne," su biyun su yi tsaki a tare.

Babban makamin Maiwada shi ne kofin Firimiya. Shekara talatin Liverpool ba ta ɗauki kofin gasar Ingila ba, kuma ba ya bari mako ya wuce bai tuna wa Sanda ba. Ko da suka ɗauko na Turai cewa ya yi wannan na baƙi ne, a kawo na gida. Sanda ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa ranar da suka ɗauka ba goro biyu zai kawo ba, ƙwarya guda zai ɗauko a kai ya sauke a ƙofar Maiwada. A kakar da korona ta zo kuwa, abin ya tabbata saura ƙiris. Liverpool ta yi wa kowa nisa, Sanda ya fara tambayar farashin goro da ƙarfi duk lokacin da zai wuce shagona, Maiwada ya daina ɗaga kai daga kan famfo.

Ana cikin haka, a watan Maris, aka fitar da Liverpool daga gasar Turai a gidanta. Da safe Maiwada ya saka farar riga, ya sayi goronsa biyu, ya tafi yana taku ɗai-ɗai. Ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Maƙwabta suka ce Sanda ya hau motar farko ya tafi Ƙarfi, wai sharar gona. Maiwada ya dawo yana faɗa, ya ce wace irin sharar gona ce ba ta tashi ba sai yau, ya jefa goron a aljihu ya ce ko damina ta wuce suna nan suna jiransa.

Kwana kaɗan bayan nan aka dakatar da ƙwallo a ko'ina saboda annoba. Ban taɓa ganin Maiwada cikin farin ciki irin na wannan makon ba, Allah Ya yafe mana. Ana ta raɗe-raɗin za a soke kakar gaba ɗaya, shi kuma yana bin layi yana shaida wa mutane cewa ko ciwo ya san inda kofi bai dace ba. A lokacin duk muna ganin korona abin Turai ce, ta masu hawa jirgi.

Sai ga ta ta iso. Aka hana taro, aka rufe gidan kallo, aka sa shingaye a hanya, kasuwa ma sai ranar da aka yarda. Mu masu iyali mun sha wahalar kullen ta wajen abinci da hayaniyar yara, amma muna da wanda za mu yi wa faɗa. Maiwada ba shi da kowa. Ko ranar da shagona ke rufe sai in hango shi a kan bencinsa, takunkumi a haɓa, yana kwance famfon da ba abin da ya same shi yana sake ɗaurawa. Azumi ya kama, yana buɗa baki shi kaɗai da kunun da matata ke aika masa. Sukan yi waya da Sanda jefi-jefi, amma dukansu ba mutanen waya ba ne. Maiwada ya ce zolayar da ba ka ganin fuskar mutum ba ta da gishiri.

Wata rana da la'asar, cikin azumin, muna zaune wayarsa ta yi ƙara. Mannir ne, babban ɗan Sanda, magidanci da 'ya'yansa. Maiwada ya buɗe muryar wayar don in ji.

"Baba Maiwada, jikin Baba ne ba daɗi. Tari yake, numfashi na yi mashi wuya. Na ce bari in shaida maka."

Maiwada ya kalle ni, ya ƙyafta ido, ya fashe da dariya.

"Kai Mannir, ni za a kawo ma wannan? Na san ciwon nan tun ba a haife ka ba. Ka ce mashi zazzaɓin Litinin ne, wannan karon ya daɗe don an hana shi kofi. Ka ce mashi ya tashi ya sha kunu, an soke gasar, ba mai ba shi komi. Kuma jajensa na nan cikin aljihuna."

Mannir ya ce, "To, Baba, zan gaya mashi." Ni ma na yi dariya a ranar. Duk wanda ya san Sanda zai yi.

Ba a rufa mako ba Mannir ya sake kira da hantsi, wannan karon a wayata, don ta Maiwada ba caji. Sanda ya rasu da asuba, har an kai shi. Ko korona ce ko ba ita ba, Allah ne masani, babu wanda ya gwada shi. Mutane kaɗan suka yi masa salla, aka ce ba zaman makoki, kowa ya yi addu'a daga gidansa. Na fito na tarar da Maiwada ya tasa wani famfo a gaba, na tsuguna na gaya masa. Ya yi salati, ya daɗe yana kallon robar da ke hannunsa, sannan ya tambaye ni ko na tabbata. Da na ce na tabbata, ya tashi ya tafi gida, ya bar kayan aikinsa a baje. Ni na tattara masa.

Da aka sassauta hanya bayan Salla, 'yan kasuwar hatsi suka cika mota suka tafi Ƙarfi ta'aziyya. Na je, Awaisu ya je, har samarin da Sanda ke yi wa tsaki sun je. Maiwada bai je ba, kuma bai kira ba. Mutane suka fara magana, ni kuma raina ya ɓaci, na same shi na gaya masa abin kunya ne, ba a yin haka.

"Zubairu, da wane ido zan kalli Hajjo?" Hajjo ita ce matar Sanda. "Mutum na kwance yana neman numfashi, ya sa a kira ni, na ce ƙarya yake. Maganata ta ƙarshe da ya ji ke nan a duniya. In je in ce masu mi?"

Na ce kuskure ne, kowa zai fahimta. Ya ce shi bai fahimta ba. Tun daga nan na bar shi, amma abin yana cin sa ina gani. Ya rame, ya daina harar masu famfo, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali.

Cikin watan Yuni ƙwallo ta dawo, ba a soke komai ba. Awaisu ya buɗe gidan kallo rabi-rabi, ya ajiye bokiti da sabulu a ƙofa, ya ce a riƙa barin tazara a benci. Na lallaɓi Maiwada muka je wasan rana. Ya zauna a wurinsa na kullum, tazarar da aka ce a bari ta faɗo daidai inda Sanda ke zama. A talabijin filin wayam, an lulluɓe kujeru da ƙyallaye, amma ana jin ihun 'yan kallo. Maiwada ya duba, ya sake dubawa, ya tambayi Awaisu ina mutanen suke. Awaisu ya ce ai sauti ne aka ɗauka tun da, ake kunnawa.

Nan musu ya tashi a bayanmu. Wani ya ce gara haka da shiru, wani ya ce yaudara ce, wani ya ce shi dai a buga, ko a daji ne. Da Sanda na nan da ya tashi tsaye ya yi huɗuba a kan wannan sautin har a tafi hutun rabin lokaci. Maiwada ya juya gefen da Sanda ke zama, bakinsa a buɗe zai yi magana, sai ya rufe. Ana hura usur na hutu ya miƙe. Na bi shi waje na ce ai ba a gama ba.

"A ci mu, wa zai zo mani? A ci Liverpool, wa zan je mawa?" ya ce. "Ashe ni ba ƙwallo nake kallo ba duk shekarun nan, Zubairu. Washegari nake jira."

Bai sake komawa ba. Ranar wata Juma'a da safe, ƙarshen watan, na fito na ji gari ya cika da hon ɗin babura, samari da jajayen riguna suna zagaye. Liverpool ta ɗauki kofin. Da na iso shago na tarar Maiwada ya riga ni. Bai zauna a benci ba. Tabarma ya kawo daga gida ya shimfiɗa a bakin shagon, ya zauna a gefe ɗaya ya bar gefe ɗaya, kamar yadda ƙa'idarsu ta ce wanda abin ya shafa ya yi. Manoma suka zo da famfuna ya ce su dawo gobe. Masu wucewa suna kallonsa, wasu sun gane, suka sunkuyar da kai. Na shiga shago na yi ta gyara kwalaben da ba su buƙatar gyara, don ba zan iya kallonsa ba. Tausayinsa ya kama ni har na ji haushin samarin da ke murna, alhali ba su yi laifin komai ba.

Rana ta ɗaga sosai sannan ya naɗe tabarmar.

"Zubairu, tada babur. Ka kai ni Ƙarfi."

Muka kama hanyar Malumfashi. Masara ta kai gwiwa, ko'ina mutane ne da famfo a baya suna feshi, kuma ko sau ɗaya bai ce ga wanda ke riƙe da shi ba daidai ba. A ƙofar gidan Sanda ya sauka ya tsaya, har na ɗauka zai ce mu juya. Mannir ya fito, ya durƙusa ya gaishe shi, ya shigar da mu zaure, ya shimfiɗa mana tabarma. Muka yi addu'a, muka shafa. Hajjo tana takaba, don haka ta zo bayan ƙofar cikin gida ta tsaya, muna jin muryarta ba ma ganinta.

"Malam Maiwada, sai yau?"

"Sai yau, Hajjo. Ya haƙuri?" in ji Maiwada. "Ban zo ba don kunya. Yana kwance na aiko mashi da maganar banza, na ƙaryata shi. Ku yafe mani, tunda shi ba ni da inda zan same shi."

Ta ce wa Mannir, "Kai, ba ka gaya mashi ba?"

Mannir ya ce ya yi ta kiran Maiwada, wayar a kashe. Ya gyara zama ya dubi Maiwada.

"Baba, na gaya mashi saƙonka kamar yadda ka faɗa. Kwana biyu ba ya magana, amma da ya ji sai ya kama dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, 'Maiwada ya tsorata, ya san kofin na zuwa.' Ita ce dariyar da muka gani ta ƙarshe."

"Kuma sharar gonar da ya ce maku," in ji Hajjo, "a Malumfashi ya tsaya ya sayi goro, ya ce in ya saya a Funtuwa za ka ji labari. Ni ya ba ajiya. Da jikin ya yi tsanani ya ce in ci gaba da yayyafa mashi ruwa, ko yana nan ko ba ya nan a kai maka. Yau da safe yaron nan ya ji a rediyo, shirin tafiya yake sai ga ku."

Mannir ya shiga ciki ya fito da wani ƙunshi na ganye da tsohon buhu, ɗaure da igiya. Ya cire takalmi, ya zauna gaban Maiwada, ya kwance. Ƙwarya guda ce cif, wasu sun yanƙwane, wasu sun yi baƙi a gefe. Ya tura ta gabansa a hankali, ya sunkuyar da kai.

"Baba ya ce in ce maka, ashe abin da ya faru ke nan. Ya muka ji da haƙuri?"

Maiwada ya sa hannu a aljihu ya fito da goronsa biyu na watan Maris, sun bushe sun zama kamar tsakuwa. Ya ajiye su a gefen tabarmar da ba kowa. Sannan ya ɗauki ɗaya daga na Sanda, ya ɓara. A ƙa'idarsu mai karɓar jaje ba ya zagi, ba ya uzuri, ba ya dariya, amma ba su taɓa yin doka a kan kuka ba. Muka jira shi, ni da Mannir da Hajjo a bayan ƙofa, har ya samu muryarsa.

"Na gode da zumunci," ya ce, ya kai goron baki.